Layin da Na Ƙara

Litinin, 3 ga Maris

Da sunan Allah nake buɗe wannan littafi. Malamarmu ta ajin manya ta ce duk wanda ya koyi rubutu da girmansa, in bai riƙa motsa hannunsa kullum ba, hannun zai koma inda ya fito. Saboda haka na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na kuma ƙudurta in riƙa rubuta al'amuran aikina a cikinsa, domin aikin ya kai a rubuta shi.

Shekara goma sha tara na yi ina gadin ƙofar wannan ƙaramin asibiti. Yau kuwa ni ne mai kula da ɗakin na'ura. Injiniya, wadda ta kafa na'urorin asibitin, ta tafi hutun haihuwa ranar Juma'a, ta bar mini mabuɗi da wani koren littafi da ta cika da bayani da hannunta. Ita ce ta lura da yadda nake kwafe lambobin motoci a bakin ƙofa, ta ce wa Likita, "Baban nan ba ya tsallake harafi. Shi nake so." Wata uku ta yi tana koya mini.

Ga aikin. Na'urar ɗakin hoto tana ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi, amma cikinta ƙarami ne. Kowace safiya sai in buɗe baƙin allo, in rubuta `kwashe`, in bi shi da kwanan watan jiya. Wannan kalma sunan wani jerin umarni ne da Injiniya ta tsara: ya kwafe hotunan jiya zuwa akwatin ajiya da ke ƙarƙashin tebur, ya tabbatar sun isa, sa'an nan ya goge su daga na'urar hoto domin a sami wurin na yau. Ba ya ɗaukar lokaci. Amma ƙirazan mutane ne a ciki, kuma a hannuna aka sa su.

Laraba, 5 ga Maris

Ɗakin ba shi da taga. Kujera ɗaya, tebur ɗaya, na'urar sanyi tana gurnani a saman kaina. Idan na rufe ƙofa ba na jin kowa.

Abu guda bai gamsar da ni ba. Idan `kwashe` ya gama, ba ya cewa komai. Allon kawai ya dawo da ɗan ɗigonsa yana ƙiftawa, kamar ba a yi aiki ba. Na taɓa tambayar Injiniya, ta yi dariya. "Baba, na'urar nan ba ta da surutu. In ta yi shiru, lafiya. In ta yi magana, ka tsaya." Na yarda da ita, amma ko yaron shago in ka aike shi ya dawo yakan ce ya kai.

Dogo, wanda ya gaje ni a ƙofa, ya hango ni da azahar ya ɗaga murya: "Yallaɓai! A ƙullo mana sanyin nan ko a leda!" Na ɗaga masa hannu na wuce. Ba girman kai ba ne. Muƙami yana da haƙƙinsa, kuma bai kamata a ga mai riƙe da mabuɗin na'ura a kan bencin ƙofa yana hira ba. Su kuwa ma'aikatan jinya har yau Baba Maigadi suke ce mini. A ɗakin na ci abincina.

Asabar, 8 ga Maris

Na kira 'yata in gaya mata canjin aikin. Jikana yana kuka a bayanta. "To Baba, Allah ya sanya alheri, zan kira ka." Ba ta tambayi wane irin aiki ba ne. Da mahaifiyarta tana da rai, da ta sa ni na maimaita sau uku, ko da ba ta gane ba.

Talata, 11 ga Maris

Yau na yi wani abu da ya kamata a rubuta da kyakkyawan hannu.

Injiniya ta koya mini buɗe jerin umarnin domin in karanta shi, ta kuma koya mini `echo`, wato umarnin da ke sa allo ya faɗi abin da ka rubuta masa. Na buɗe `kwashe`, na bi shi layi-layi da yatsa har na sami layin da ke kwafe hotuna, na goma sha huɗu. A ƙarƙashinsa daidai, tun da a nan ne ainihin aikin yake ƙarewa, na ƙara layi ɗaya nawa:

`echo "An kwashe. Mai kula da ɗaki ya shaida."`

Ban taɓa ko ɗigo na abin da ta rubuta ba. Na duba sau uku kafin in adana. Da na gudanar da shi, sai ga maganar ta fito fara tas a kan baƙin allo. Na daɗe ina kallonta. Mutumin da shekara uku da suka wuce da yatsa yake dangwala wa takarda, yau na'ura tana karanta rubutunsa.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zai gane?

Alhamis, 13 ga Maris

Na'ura ta amsa mini. Safiyar ta fi sauƙi.

Talata, 18 ga Maris

Na zo na tarar an ja tebur daga bango kamar taki ɗaya, ƙasa a jiƙe. Goggo ce, mai sharar asibitin. Tana da nata mabuɗin, tana shiga kafin in iso. Shekararta goma sha ɗaya a nan, kuma bakinta bai taɓa hutu ba.

Na same ta a baranda na yi mata bayani a natse, cewa ɗakin nan ba kamar sauran ɗakuna ba ne, kuma daga yau kada ta ƙara taɓa komai a ƙarƙashin tebur, ko mene ne. Ta jingina da sandar goge-gogenta tana kallona.

"Injiniyan gobe, ba ni ce nake miƙo maka ruwan zafi ta katanga lokacin da kake rawar ɗari a ƙofa ba?"

Na ce wancan lokaci daban, wannan daban.

"To, ranka ya daɗe. Ko na ga maciji a ƙarƙashin, sai dai in gaishe shi."

Na mayar da tebur da kaina. Na gudanar da `kwashe`. An kwashe, in ji allo.

Laraba, 26 ga Maris

Zan rubuta a jere.

Wani tela mai tari ya dawo. An ɗauki hoton ƙirjinsa ranar Litinin ta makon jiya, aka ba shi magani, aka ce ya komo a gwada sabon hoto da tsoho a ga ko tabon da ke huhunsa yana raguwa. Likita ya aiko in fito da tsohon. Na nema a akwatin ajiya, akwatin bai amsa ba. Na durƙusa, sai na ga wayar da ke haɗa shi da na'ura a ƙasa, ta fita daga bakinta, ƙura ta hau kanta. Na mayar. Akwatin ya buɗe, kuma hoto na ƙarshe a cikinsa na ranar Asabar, goma sha biyar ga wata ne.

Na koma na'urar hoto. Babu. An goge.

Kwana takwas na aiki. Hotunan mutum arba'in da ɗaya. Ba su can, ba su nan.

Telan yana zaune a baranda da hularsa a gwiwa, yana tari a cikin hankici. Da na wuce ya ce, "Sannu da aiki, malam." Na shige ɗakina na rufe ƙofa.

Alhamis, 27 ga Maris

Likita ya tara mu a ofishinsa, ni da Goggo. Ya tambaye ni ko na yi aikina kowace rana. Na ce ko ɗaya ban tsallake ba, kuma kowace rana allo ya ce an kwashe. Gaskiya na faɗa. Ya tambaya yaushe aka taɓa tebur. Na buɗe wannan littafi na karanta masa na ranar goma sha takwas, ban da maganar ruwan zafi. Ya yaba da yadda nake ajiye bayani.

Ya juya wurin Goggo. Ta ce ta ja tebur, ba ta musu ba. Ya ce ba zai iya riƙe wanda zai salwantar da hotunan marasa lafiya ba. Ya ce ta ƙarasa aiki zuwa Juma'ar mako mai zuwa, ta ajiye mabuɗi. Na zaci za ta yi hayaniya. Ɗankwalinta kawai ta gyara, ta ce, "To, Likita."

Marayun ƙanwarta uku suna hannunta. Kowa ya sani. Amma ni ba ni na yanke hukunci ba. An tambaye ni, na amsa.

Juma'a, 28 ga Maris

Na sami Injiniya a waya. Jaririn ba shi da lafiya, muryarta a gajiye. Ta sa na buɗe wani fayil inda na'ura ke tara kurakuranta a ɓoye, ba ta nuna su a allo. Ga su kuwa, layi takwas, kowanne da ranarsa, kowanne yana cewa ba a sami inda za a kwafe ba.

"Wannan na gane," in ji ta. "Waya ta fita, kwafi ya ƙi. Amma Baba, bai kamata ya goge ba. Na sa masa mai gadi. Sai ya tambaya ko kwafi ya yi kafin ya goge komai. Ko Goggo ta cire wayar ta tafi da ita gida, hoto ɗaya bai kamata ya ɓata ba." Ta lallashi jaririn. "Akwai abin da ba daidai ba a ciki. Ba zan iya dubawa yanzu ba, wallahi. Kada ka gudanar da shi sai ka ga wayar da idonka."

Ashe akwai ɓaraka a cikin aikin Injiniya kanta. Ban ji daɗi ba, amma ba zan ɓoye wa littafina ba: na yi tunanin yadda zai kasance in ni ne na gano ta.

Asabar, 29 ga Maris

Bayan an tashi na zauna da koren littafi. Akwai shafin da ta sa wa suna alamomi na musamman, waɗanda na'ura ke cika su da kanta, kowacce tana farawa da alamar dala. `$1` shi ne abu na farko da ka rubuta bayan sunan umarni, wato a wurinmu kwanan wata. `$#` yawan abubuwan da ka rubuta ne. `$?` kuwa, ta rubuta: amsar umarnin da ya wuce, sifili, ya yi, wata lamba, bai yi ba.

Na fara zargin `$1`. Na ce wataƙila kwanan watan yana shiga a karkace, a goge ranar da ba ita ba. Na gwada a jakar gwaji da Injiniya ta bar mini a cikin na'ura, mai hotunan banza. Kwanan wata yana shiga daidai. Na zargi `$#`, na ba shi abu biyu, na ba shi babu. Duka ya ƙi karɓa, kamar yadda ya kamata. Awa uku. Babu wanda zan ce wa duba mini nan.

Da na fito Dogo ya ce, "Yallaɓai, ka ji abin da aka yi wa Goggo?" kamar bai san ina wurin ba. Ya sani.

Lahadi, 30 ga Maris

Na wanke kayana. Na share tsakar gida, ko da yake babu mai ɓata shi. Wayata ba ta yi ƙara ba.

Litinin, 31 ga Maris

Saura `$?`. Na bar shi a ƙarshe domin na ɗauka ya fi kowanne sauƙi.

Na umarci na'ura ta kwafe fayil ɗin da na san babu shi. Ta ƙi. Na rubuta `echo $?`, ta ce 1. Madalla, bai yi ba. Na juya neman biro in rubuta, biron ya faɗi, na ɗauko, na ce bari in sake tambaya domin in kwafe da idona a kai. Na sake rubuta `echo $?`. Ta ce 0.

Na ce na'ura ta fara ƙarya. Tambaya ɗaya, amsa biyu, alhali ban yi komai a tsakani ba. Na maimaita sau biyar: 1, sa'an nan 0. Na tashi na zaga ɗakin, wanda taki uku ne.

Ƙofa ce ta fahimtar da ni. In mota ta zo na hana ta shiga, bayanta mai keke ya zo ya shige, sai wani ya leƙo ya ce, wanda ya zo yanzu ya shiga? Zan ce ya shiga. Ban yi ƙarya ba. Mai keke nake nufi. Haka `$?` yake. Ba ya riƙe kowa sai na ƙarshe. Da na tambaya karo na biyu, umarnin da ya wuce ba kwafi ba ne, tambayata ta farko ce, ita kuwa ta yi. Ashe na yi wani abu a tsakani.

Na ji daɗin wannan fahimta ƙwarai. Har na yi murmushi ni kaɗai. Na buɗe `kwashe` in nemo inda Injiniya ta yi sakaci.

Layi na goma sha huɗu, kwafi. Layi na goma sha shida, mai gadinta: in `$?` sifili ne, a goge.

Layi na goma sha biyar, a tsakaninsu, layina ne.

Na rufe. Na je na wanke fuskata.

Talata, 1 ga Afrilu

Mai hankali ba ya yanke hukunci sai ya gwada, ko a kan kansa ne. Na kulle ƙofa. Na cire wayar akwatin da hannuna, na gudanar da `kwashe` a kan jakar gwaji. Allo ya ce an kwashe, mai kula da ɗaki ya shaida. Na duba: hotunan gwajin sun tafi, ba su isa ko'ina ba.

Na goge layina. Na zuba wasu hotunan banza, waya tana ƙasa, na sake gudanarwa. Sai ga manyan haruffa da ban taɓa gani ba: TSAYA. BA A KWASHE BA. BA A GOGE KOMAI BA.

Kwana takwas mai gadin Injiniya yana tambaya ko kwafi ya yi, maganata tana shiga tsakani tana amsa masa.

Yanzu an gyara. Jerin ya koma yadda ta bar shi, harafi da harafi. Idan ta dawo ta buɗe ba za ta ga komai ba. Za ta yi mamaki, ta gaji, ta bari. Babu wanda ya san layin ya taɓa zama a wurin sai ni da wannan littafi, kuma shafi abu ne mai yaguwa.

Sa'an nan kuma ba ni na fitar da waya ba. Da wayar tana wurinta, layina ba zai cutar da kowa ba har abada. Wannan ma gaskiya ce, kuma ya kamata a rubuta ta.

Na rubuta ta. Ba ta yi mini amfanin da na zata ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Goggo ta shigo da rana da bokitinta, abin da ba ta saba ba. "Ɗaga ƙafa, Injiniyan gobe, in yi maka sharar bankwana." Na ɗaga. Ta goge ko'ina, ta zagaye ƙarƙashin tebur ba ta kusance shi ba.

Na ce mata, ban san dalili ba, wayar ma bakinta ya saki. Ta ce, "Yau ka sani? Tun Injiniya tana nan take zamewa. In an buga ƙofa da ƙarfi sai ta faɗo. Kullum da safe ni ke tura ta. Kai ka ce kada in ƙara taɓawa."

Na ce me ya hana ta gaya wa Likita.

"Wa ya tambaye ni? Kai kana da littafi, allo ma ya ba ka shaida. Ni ban san karatu ba. In allo ya ce ni ce, ai ni ce."

Ta matse tsumma. Sa'an nan ta sassauta murya, ta kira ni da Yaya, kamar yadda take yi a da. Wai akwai wata makaranta da ke neman mai shara, amma sai da takardar shaida, ita kuwa ba za ta iya tsayawa gaban Likita ta roƙa ba. "Kai da ka iya rubutu mai kyau, rubuta mini cewa shekara goma sha ɗaya ban ɗauki ko allurar kowa ba. Ka sa wannan dogon sunan naka a ƙasa, su ji tsoro."

Na ce to.

Na zauna da farar takarda har aka tashi. Na rubuta, Ina shaida cewa. Na kasa ƙara kalma. Ban taɓa sanin hannu yana iya ƙin abin da ya iya ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na roƙi Likita ya ba ni minti goma a ɗakin na'ura. Ya zo yana duba agogo. Na mayar da layina a gabansa, na cire waya, na nuna masa. Na goge layin, na sake nuna masa. Na yi bayanin `$?` da misalin mota da keke, kuma ina jin na yi shi a tsare. Ya gane tun kafin in gama.

"Wa ya rubuta wannan layin?"

Na ce ni ne.

"Wa ya sa ka?"

Babu.

"To don me, Baba?"

Na ce domin a sami shaidar aiki. Abin da ya zo bakina ke nan. Ba zan iya gaya wa mutum mai digiri cewa shirun ɗakin ne ya yi mini yawa ba.

Na kuma gaya masa maganar wayar, da wanda ke tura ta kullum, da wanda ya hana. Ya zauna a kujerata, ni ina tsaye. Ya kira Injiniya ya sa kowa ya ji. Ana jin kukan jariri a bayanta. "Haba Baba. Da ka tambaye ni." Sa'an nan ta ce laifinta ne da ba ta kulle jerin ba, ta kuma ce, "Amma kai ka gano shi da kanka? Ba wanda ya nuna maka?" Na ce da kaina. Ban san inda zan ajiye wannan tambayar ba, don haka na rubuta ta nan.

Hukunci: za a kulle jerin, ba zan ƙara iya canja shi ba. Zan ci gaba da gudanar da shi har ta dawo, daga nan a duba matsayina. Mutum arba'in da ɗayan nan ni zan nemo su, in gaya musu da bakina cewa sai an sake ɗaukar hotonsu, da dalili. Goggo kuwa tana nan.

Aka kira ta. Likita ya ba ta haƙuri a gabana. Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Yaushe ka sani?"

Na ce Litinin.

"Jiya da nake roƙonka takarda, ka sani."

Na ce na sani.

Ta lissafa da yatsunta, Litinin, Talata, Laraba, ta riƙe yatsun uku tana dubansu. Ta ɗauki bokitinta ta fita.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na fara da telan. Na same shi a shagonsa, na tsaya a ƙofa na faɗa masa duka. Ya ce, "Wato yanzu ba a san ko ina samun sauƙi ba?" Na ce ba a sani ba, sai an sake jira. Ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Dogo bai kira ni Yallaɓai ba yau. Bai kira ni komai ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Bayan telan, talatin da ɗaya na samu ta waya. Wasu sun yi faɗa, wata tsohuwa ta sa mini albarka domin ta ɗauka kyauta aka ƙara mata. Saura tara: lambobinsu ba sa shiga, adireshinsu kuwa irin wanda ake rubutawa a gaggauce ne, bayan kasuwa, kusa da famfo. Jiya na yi yawon awa biyu ban sami ko ɗaya ba.

Da safe na tarar da Goggo tana goge baranda. Tun Alhamis ba ta yi mini magana ba. Na tsaya da takardata har ta kai ƙarshen barandar ta dawo. Na ce ina neman taimako. Ban shirya in faɗe shi haka a gajarce ba. Na tanadi jimla mai tsawo tun a hanya, ta gudu.

"Karanto," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Na karanta na farko. "Matar mai gyaran keke ce, sun tashi, suna bayan injin niƙa." Na biyu. "Wannan ai ba sunansa ke nan ba a unguwa, in ka tambaya haka sai ka kwana." Na rubuta duk abin da ta ce, yadda ta ce shi. Bakwai daga cikin tara ta sani, har da wanda ke fushi da surukinsa, kada a bi ta ƙofar gaba. Ta leƙo takardar ta ce in ƙara girman haruffan, wa zai ga wannan ƙwayar gero a rana.

Da aka tashi na ga ta tsaya a ƙofa da mayafinta. Ta ce ba domin ni ba ne, domin masu tari ne, kuma in na ɓata a lungu ita za a ce ta ja tebur. Mun sami huɗu kafin la'asar ta yi sanyi. A kowane gida ita ke sallama, ni in yi bayanin. A gida na uku na fara da cewa ni ne mai kula da... ban ƙarasa ba sai ta yi gyaran murya, na ce ni ne wanda ya ɓatar da hoton.

Gidan wani tsohon direba da ke cikin jerin yana da kare. Ta ce in bari ta shiga gaba, karen ya san ta. Ban ga dalilin musu ba. Tana gaba, ina biye da takarda, har muka gama ba mu canja ba.

Lungunan dai ƙunci gare su, ba sa ɗaukar mutum biyu a jere.